Jirgin Surukina a Bokitin Soda

Ko tsufa ya zo ya kwashe mini abubuwan da ke kaina ɗaya bayan ɗaya, ina kyautata zaton akwai wanda ba zai iya ɗauka ba, wato lokacin da na tsoma jirgin ƙasan surukina cikin bokitin soda. Shekaru sun wuce, amma duk sanda abin ya faɗo mini sai gabana ya ɗan faɗi tukuna, daga baya in kama dariya ni kaɗai.

Ni mai fentin ƙofofi ne da tagogin ƙarfe a Kaura Namoda. Karatuna bai wuce firamare ba, daga nan aka kai ni koyon sana'a. Allah ya yi ni mutum mai yawan damuwa. In na kulle shago sai na dawo na girgiza kwaɗon, in na yi nisa kuma in sake tunanin anya ya kama. In na gama fentin ƙofa, maimakon in ji daɗi, sai in tsaya neman inda ya ɗiga. Matata takan ce da fargaba kayan kasuwa ce, da ni ne babban dillalinta.

Surukina, mahaifin matata, a tashar jirgi ta Kaura ya ƙare ƙuruciyarsa. Nan layin dogo ya ƙare, don haka duk jirgin da ya iso sai ya huta kafin ya juya. Aikinsa shi ne wanke kan jirgi, da goge shi, da sa masa mai a gaɓoɓi. Da ya bar aiki sai ya koma garinsu Zurmi ya kama noma. A lokacin da nake ba da labarinsa yanar ido ta rage masa gani, yana ganin haske da launi, amma ƙananan abubuwa sun ɓace masa. Tsakanina da shi kuwa kunya ce irin ta surukai, tawa har ta fi ta kowa. In na je gaisuwa, tun daga nesa nake cire takalmi, in durƙusa a bakin zaure, kaina a ƙasa. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa hawa tabarmarsa ba. In an gama "ina gajiya, ina iyali", shi ke nan maganarmu ta ƙare.

Matata tana da ƙane direba, mai jigila tsakanin Kaura da Shinkafi, mutum mai tsokana, ni kuma ya mai da ni abin wasansa. Wata ranar kasuwa a Shinkafi ya ga wani ɗan jirgin ƙasa na roba a cikin kayan gwanjo. Ba irin na yara mai karyewa nan take ba ne, wannan yana da nauyi, da kai da tarago biyu, da dogonsa da ake harhaɗawa ya yi da'ira. Ya saya ya kai wa tsohon. Aka ce tsoho ya yi murna ƙwarai, ya kai shi kusa da ido, ya juya, ya ce ƙirar ta yi daidai da wanda ya sani. Sai kuma ya ɓata rai ya ce, "Amma jan jirgi? Wa ya taɓa ganin jan jirgi Kaura? Namu tsanwa na, da ratsin ɗorawa."

Nan take ƙanin nan ya ce ai abu mai sauƙi ne, mijin yayarsa mai fenti ne.

Haka kawai ina zaune a shago na ga ya dire mini kwali naɗe da tsohon zane. Ya ce, "Mijin Yaya, ga aiki daga sama. Baba ya ce a mai da shi tsanwa kafin Sallah. Shi ɗaya na a duniya, in ka ɓata shi sai dai ka nemi wasu surukai."

Na san wasa yake yi, amma abin bai ba ni dariya ba. Wannan ne karo na farko da tsohon ya taɓa neman wani abu a hannuna, kuma abin da ya ba ni ba shi da na biyu.

Da farko na yi niyyar shafa kore a kan jan kawai. Da na duba da kyau sai na ga ba za ta yiwu ba. Fentin da aka yi masa tun daga masana'anta yana da kauri da santsi, ga wasu rubuce-rubuce na ƙasar waje a gefe. In na ɗora wani a kai, jan zai riƙa leƙowa, jirgin kuma zai kumbura kamar an tsoma shi a kunu. Dole a cire na farko. A ƙarfe wannan ba komai ba ne, in samfefa ba ta yi ba, tina mai narkar da fenti za ta yi, in ta ƙi a sa wuta. To amma roba fa?

Allah ya taimake ni da wannan halin nawa na tsoro, ban fara da jirgin ba. Na samo murfin wata tsohuwar rediyo mai fenti, roba mai tauri irin ta jirgin, na ɗiga masa tina. Kafin in juya, wurin ya yi laushi kamar alewa, na danna da yatsa, zanen yatsana ya zauna a jiki. Na zauna a kan galan ina salati, ina tunanin da jirgin ne. Samfefa kuwa ko gwadawa ban yi ba, na san za ta share komai ta bar shi kamar sabulun wanka.

Da ƙanin matata ya biyo jin labari ya ce, "Kai ma dai! Man birki za ka sa. Ba ka ga yadda shike cinye fentin mota in ya ɗiga ba?" Na gwada a wani ɓangaren murfin rediyon. Fentin ya fita kam, amma da ya bushe na ɗan lanƙwasa shi sai ya tsage. Ya ce ai tsufa ne ya tsaga shi, rediyon ta girme ni. Wataƙila gaskiyarsa ce, amma ni wataƙila ba ta isa in tsoma kayan suruki a ciki ba.

Kwanaki suka yi ta tafiya, Sallah tana matsowa, kwali yana kan kabad yana kallona. Tuwo ya daina shiga. Wata safiya ina tsakar gida na yi tagumi, matata tana shirin haɗa sabulu, domin sana'arta ke nan, tana yin sabulun wanki a gida ana saya. Ta dube ni ta ce, "Malam, wai har yanzu jirgin Baba na ya hana ka cin abinci?"

Na ce mata duk abin da ke cin fenti yana cin roba.

Ta jawo tsohon bokitin da take jiƙa soda ta ajiye a gabana. Ta ce, "Dubi wanga. Ka tuna da munka saye shi da furanni kewaye da shi? Ina suke? Duk inda ruwan soda ya bi ya wanke su. Bokitin kuwa ga shi nan garau. Soda tana cin hannu, tana huda tukunyar dalma, amma roba ba ta taɓa ci man ba."

Na duba. Furen da ya rage sai can ƙasa inda ruwan bai taɓa kaiwa ba. Amma ban yarda nan take ba. Na ce robar bokiti mai laushi ce, ta jirgi mai tauri ce. Ta ce to in kawo ragowar rediyon nan tawa da na ishi mutane da ita. Muka jefa wani ɓalli, ya wuni, ya fito ba fenti. Na lanƙwasa, na ƙwanƙwasa, na ajiye a rana, na sake lanƙwasawa, bai tsage ba. Duk da haka sai da na ɗiga ruwan a cikin cikin tarago ɗaya, inda ido ba ya gani, na ga bai yi komai ba, sannan na yi bismilla.

Na shimfiɗa farin ƙyalle na kwance jirgin a kai. Kusoshinsa ƙanana ne kamar ƙwayar gero, na zuba su a kwano na rufe, na hana kowa wucewa ta wurin. Na raba gangar jikin da injin da ƙafafu, domin duk abin da ke da ƙarfe ko waya bai kamata ya ga soda ba. Gilasan tagogi ma na zare su a hankali da bakin allura. Matata ta ce ruwan soda sabon haɗi zafi gare shi, zai iya lanƙwasa robar, don haka muka yi amfani da wanda ya kwana ya huce. Ta ba ni safar hannunta ta roba. Na ɗauki gangar kan jirgin na sa a bokiti, ta rufe da faifai ta ce in tafi shago.

Ina zan iya zuwa shago? Na zauna gefen bokitin kamar mai jinya. In na ɗaga faifan ta ce in rufe. In ta shiga ɗaki in sake ɗagawa. Can wajen hantsi na leƙa, sai na ga ruwan ya zama jawur kamar zoɓo, jirgin ba ya ganuwa. Ban san sanda na miƙe na ɗora hannu a ka ba.

"Innalillahi! Ya narke! Wallahi ya narke!"

Ta fito da gudu da muciyar sabulu a hannu, ta leƙa, sai ta zauna daɓas tana dariya har da hawaye. Ta ce, "Malam, da kake son jan ya fita, ina kake so ya tafi? Sama zai tashi?" Ta sa muciya ta ɗago shi. Ga jirgi nan cif, ko kusurwa ɗaya ba ta lotsa ba. Fentin ya yamutse ya saki, kamar fatar tumatirin da aka zuba wa tafasasshen ruwa.

Ban taɓa jin daɗin aiki kamar na ranar nan ba. Na sa tsohon burushin haƙori ina gogawa a hankali, jan yana sulalewa. Inda ya maƙale a lungu na sa tsinken tsintsiya na zaƙulo shi. Na ɗauraye, na wanke da sabulu, na sake ɗaurayewa har matata ta ce in tausaya wa randa. Robar da ta fito ruwan toka ce, ba ƙyalli. Amma abin mamaki, ashe fentin nan ya binne abubuwa da yawa. Ga 'yan matakala a gefe, ga mariƙin ƙofa, ga ramukan shan iska a jere kamar haƙoran mataji, ga kawunan kusoshi ƙanana birjik. Taragun ma haka muka yi musu, wannan karon har da 'yar waƙata.

Na ɗauka wahala ta ƙare. Ashe saura babba: wane kore? Wanda ba mai fenti ba zai ce kore ai kore ne. Ni kuwa na san akwai na ganyen dawa, akwai na ganyen mangwaro, akwai mai duhu kamar gansakuka. Na dama kala-kala na jera su a kan wani guntun katako. Na tambayi matata, ta ce ita tana ƙarama lokacin, abin da ta tuna kawai ƙara da hayaƙi. Na tambayi ƙaninta, ran nan ya ce awa ganyen albasa, washegari ya ce awa tsanwar ƙadangare, yana yi yana ƙunshe dariya. Ni kuma in ɗauki waya in kira surukina in tsare shi da tambaya, wannan ko a mafarki. Na lallaɓa matata ta kira shi. Ta tambaye shi wace irin tsanwa. Ina jin muryarsa daga inda nake ya ce, "Tsanwa ta jirgi mana! Akwai wata?"

Kullum in ɗauki burushi, in dubi katakon, in ajiye. In na shafa wanda ba shi ba, na mai da aikin baya, kuma tsoho zai ce ga mai fentin da bai san launi ba. Haka na yi ta yi har aka yi Sallah jirgi yana nan tsirara.

Washegarin Sallah muka shirya zuwa Zurmi gaisuwa. Na ce wa matata ko in bar shi a gida mu ce bai bushe ba. Ta ce, "Ƙarya za ka yi ma Baba ran Sallah? Mai da mashi ƙafafunshi ka ɗauko, har da katakon naka." Na harhaɗa shi, na riƙe kwalin a cinya tun daga Kaura. Ƙaninta ne ya ja mu, duk hanya yana cewa in na ga Baba ya laluba sanda, in bi ta ƙofar baya, shi zai tada mota ya jira ni.

Muka sami tsoho a zaure kan tabarma. Matata ta gaishe shi ta shige ciki. Na durƙusa inda na saba. Ko gama gaisuwa ba mu yi ba ya ce, "Ina jirgina?"

Na tura kwalin gabansa. Na fara bayani, kalmomin suna sarƙewa: an cire jan, amma ba a kai ga, wato tsanwar ce ba a tabbatar ba. Ya zaro kan jirgin, ya kai shi kusa da ido, ya juya shi wajen hasken ƙofa.

Ya ce, "Wanga ai toka ce."

Ni dai ina kallon ƙasa. Sai na ga babban yatsansa ya fara bin gefen jirgin, ya tafi, ya dawo, ya tsaya wuri ɗaya.

"Tsaya," ya ce, kamar da kansa yake magana. "Matakala ce wagga?" Ya ƙara shafawa. "Matakala ce! Da babu ta. Wa ya sa ta?"

Na ce, "Baba, tana nan, fenti ne ya rufe ta."

"Ga mariƙi! Kai, ga ƙofar direba!" Muryarsa ta canza, ta zama ta wani mutum da ban taɓa sani ba. Ya daki tabarma da tafin hannu ya ce, "Matso. Matso nan mana, mi kake yi can bakin ƙofa awa baƙo?"

Na matsa kaɗan. Ya miƙo hannu ya kamo hannun rigata ya jawo ni har kan tabarmar. Ya kama yatsana ya ɗora a kan ramukan shan iskan nan. Ya ce, "Ka ji wanga wuri? Nan nike shan wuya. Mai da ƙasa su haɗu su daskare, sai ka naɗa tsumma a tsinke ka bi su ɗaya ɗaya. Akwai wani direba da munka yi, in ya zo sai ya fiddo farin hankici ya shafa nan. In ya ga baƙi, ranar ba ka da sauran kunne." Ya fashe da dariya. Ya bi da yatsana kan rufin, ya nuna mini inda yake takawa da inda in ka taka za ka zame, da inda zafi ya taɓa ƙona shi, har ya naɗe hannun riga ya nuna mini tabon. Ya ce masu ƙirar sun yi ƙoƙari, sai dai sun manta da wani ɗan murfi a baya, amma ya yafe musu tunda ba su taɓa wanke jirgi ba.

Surukata ta leƙo daga cikin gida don jin dariyar da ta daɗe ba ta ji ba. Ta gan ni a kan tabarmar mijinta, hannuna cikin nasa, ta riƙe baki ta koma. Da aka kawo abinci na yunƙura zan tashi, ya ce in zauna, bai gama nuna mini tarago ba. Haka na ci naman Sallah a gaban surukina, ina tauna kamar mai satar ci, ƙanin matata yana ta yi mini gwalo ta bayansa.

Da na ga fuska, sai na yi ƙarfin hali na fito da katakon. Ya sa aka fita da shi rana, ya kai shi dab da ido, ya daɗe yana dubawa. Ya ce babu ko ɗaya a ciki. Na biyu daga dama ya yi kusa, amma a ƙara masa duhu kaɗan, domin jirgin da ke aiki ba ya haske haka. Da na bi zaɓin kaina, wani daban na yi niyyar shafawa. Sannan ya ɗaga yatsa ya ce, "Amma ka ji, kaɗan-kaɗan za ka shafa. In ka sake rufe man matakala, ni da kai ne."

Bai bar ni na koma da jirgin ba. Ya ce in zo da kayan aikina in yi a gabansa. Bayan 'yan kwanaki na dawo da fenti mai narkewa da ruwa, wanda ba ya buƙatar tina, da burushi siriri. Na tsinka shi sosai, in shafa sau ɗaya mu jira ya bushe muna hira, shi kuma ya bi da yatsa ya tabbatar komai yana nan, sannan ya ba ni izinin ƙarawa. Ratsin ɗorawa shi ya nuna inda zai fara da inda zai tsaya. Da muka gama muka harhaɗa dogo a tsakar zaure, muka sa batir, jirgi ya kama zagayawa. Tsoho ya sa hannu a baki ya yi kukan jirgi mai shigowa tasha, da ƙarfi har maƙwabta suka shigo tambayar lafiya.

Daga ranar nan har Allah ya yi masa rasuwa, in na je Zurmi wurina yana gefensa. Girmamawa tana nan yadda take, amma mun zama masu hira.

Abin da na koya shi ne, tsoro yana da inda yake amfani da inda yake cuta. Shi ya sa na gwada kafin in tsoma, kuma da ban gwada ba da jirgin ya narke tun ranar farko. Amma shi ne kuma ya kusa sa in ɓoye aikin, ko in rufe shi da launin da na ƙaga, don kada a ga ban sani ba. Damuwa ba ta bar ni ba har yau, sai dai na san inda zan tsayar da ita. In na kai inda sanina ya ƙare, nakan ɗauki aikin yadda yake, ko bai kammala ba, in kai wa mai shi, in buɗe baki in ce, "Ga inda na tsaya, yaya kake so?"